Nawa Ya Shigo Wannan Watan?

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Na yi murna, domin gwamnatin da talaka ya sani ita ce famfon unguwa da ya kafe, da asibitin sha-ka-tafi da babu ko allura, sai an rubuta maka ka je kemis. Sai dai hukuncin kotu ba ya yashe kwata. Mu nawa ne muka san ko sunan kansilanmu? Jama'a, ku je sakatariya ku tambayi ciyaman nawa ya shigo wannan watan, me aka yi da shi. Haƙƙinku ne.