Kuɗi Sun Shigo, Tuwon Gida Ya Yi Kwantai

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku game da wata al'ada da ke yaɗuwa a garinmu, wato cin abinci a waje.

Ni mutumin Kongolam ne, a Ƙaramar Hukumar Mai'adua, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Motar da ta taso daga Kano ta biyo ta Daura za ta Matamaye ko Damagaram, sai ta tsaya a nan. Saboda haka garinmu ba ya rabo da masu shayi da masu tsire da masu fura da nono. Gwaggona ma shinkafa da wake take sayarwa, kuma da ribar nan take saya mini sabulu da garin kwaki in zan dawo makaranta. Don haka ba zan kushe sana'ar ba.

Abin da ya dame ni a gidanmu na gan shi. Da can Yayanmu ba ya wuce tuwon dare, tare muke sa hannu a akushi ɗaya. Da Allah ya hore masa babur ya fara jigilar fasinja, sai ya koma shayi da ƙwai da safe, shinkafa da rana, tsire da dare. Inna ta rufe masa tuwonsa, gari ya waye ta tarar ko taɓawa bai yi ba. In ta ce, "Babba, ba za ka ci ba?" sai ya ce, "Inna, na ƙoshi." Alhali kuwa kuɗin tsiren dare ɗaya sun isa su sayo wa miyar gida mai da daddawa har da ɗan ƙashi.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Malaminmu na labarin ƙasa ya ba mu labarin ƙasar Sin. A 1978, zamanin Deng Xiaoping, suka buɗe ƙofar ciniki, masana'antu suka yawaita, mutanen karkara suka kwararo birane. Da aljihu ya yi nauyi, lokacin girki kuma ya yi ƙaranci domin miji da mata duk suna aiki, sai gidajen abinci suka cika. A 1987 kamfanin KFC na Amurka ya buɗe shagonsa na farko a Beijing. Daga baya ɓarna ta shigo, mutum ya cika tebur da abinci don burge baƙi ya tashi ya bar rabi. Abin ya kai a 2021 suka kafa dokar hana almubazzaranci da abinci, har aka yarje wa mai gidan abinci ya caji wanda ya bar saura mai yawa.

Wani zai ce, ai direba da ɗan kasuwa ba su da zaɓi, kuma mata da yawa da wannan sana'a suke riƙe marayu. Gaskiya ne. Wanda aiki ya kai shi nesa, ya ci a inda ya samu. Amma wanda gidansa yake bayan tasha, me ya hana shi kai kuɗin ga tukunya? Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a bai wa dawa.

Ga kuma wani darasi. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe iyaka, ga tsadar fetur tun da aka janye tallafi a watan Mayu. Fasinja suka ɗauke, cinikin Gwaggo ya ja baya. Ranar nan sai ga Yaya ya wanke hannu ya zauna gaban akushi. Inna ba ta ce masa komai ba, ƙara masa miya ta yi.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, gobe mu ne masu albashi. In kuɗi sun shigo, tukunyar gida ce za ta fara shaidawa. In kuwa kwaɗayin tsire ya taso, a ƙunso shi a takarda a kawo gida kowa ya taɓa, kamar yadda iyayenmu suka saba.

Allah ya yalwata mana arziki, ya sa mu ci tare da iyalanmu, amin.