Talabijin Ta Intanet: Da Zanen Aro Muke Ado

Akwai wata magana da ta cika bakin samarinmu a 'yan shekarun nan, tun daga Agege har Sabon Badun, daga Anacha har Fatakwal, wai zamanin eriya da kwando ya wuce, talabijin ya ƙaura cikin wayar hannu, kuma wai daga yanzu kallo ya zama kyauta ga kowa. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa ruɗi ne, kuma shi nake so mu tone a wannan shafi, domin mu mazauna kurmi muna cikin waɗanda za su fara ji a jikinsu ranar da ruɗin ya watse.

Bari mu fara ba gaskiya haƙƙinta. A Badun aka buɗe tashar talabijin ta farko a ƙasar nan cikin 1959, Kaduna ta samu tata a 1962, sa'an nan a 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin ƙarƙashin NTA. Amma hoton eriya ba ya tafiya nesa. Bahaushen da ke fataucin goro a Sabo in ya kunna akwatinsa Yarbanci da Turanci zai ji, sai fa in ya yi sa'a an sa Samanja. Daga baya muka koma jiran kaset da faifai daga Kano cikin motar kaya, har tashar Arewa24 ta zo ta tauraron ɗan'adam a 2014. Yau kuwa maigadin da ke bakin ƙofa a Ikoyi yana kallon Labarina ko Izzar So a daren da iyalinsa suke kallo a gida. Abin da eriya ta kasa yi mana a shekara hamsin intanet ta yi shi a shekara goma. Wanda ya musa wannan bai taɓa zaman baƙunci ba.

To, amma wa ya ce kyauta ne? Ɗan'uwa, duba aljihunka. Kafin hoto ya motsa a wayarka sai ka sayi data, kuma babu abin da ke lashe data kamar kallo. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100, ba kuwa tare da an shawarci mai kallo ba. Watau kana biya, kuma biya mai tsada, sai dai kuɗin ba ya zuwa hannun wanda ya rubuta labarin, ko wanda ya sha rana yana ɗaukar hoton. Shi abin da yake samu rabon kuɗin talla ne, inda YouTube ke riƙe kashi 45 ta ba shi 55. Bugu da ƙari, tallar da aka nuna wa mai kallo a Nijeriya ba ta kai darajar wadda aka nuna wa na Ingila ko Amurka ba. Saboda haka mai shirin da dubban ɗaruruwan mutane suka kalla yana iya tashi da abin da bai kai ya biya 'yan wasa ba.

Sakamakon wannan muna ganinsa da idonmu, ko da ba mu san sunan ciwon ba. Labarin da ya kamata ya ƙare a mako goma sai a ja shi kamar ƙaro har shekara ta zagayo, a cika shi da zaman falo da doguwar gaisuwa, domin kowane minti wurin saka talla ne. A liƙa masa suna mai tayar da hankali da hoton mace tana kuka. Ba na zagin masu shirya fim a kan wannan. Kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski, kuma mai talla ne ya biya ladan, ba mu ba.

Babban abin tsoron ma ba nan yake ba. Filin da muke gini a kai ba namu ba ne. YouTube mallakar kamfanin Google ce ta Amurka, ita ke kafa dokarta, ita ke sauya ta, kuma in ta rufe tashar mutum da aikinsa na shekaru, babu alƙalin da zai kai ƙara gabansa a Kano ko Kaduna ya ce a buɗe. Masu cewa manyan kamfanonin waje za su zo su ɗauki nauyin finafinanmu su tuna cewa a Janairun 2024 kamfanin Amazon ya daina ba da kwangilar sababbin shirye-shirye a Afirka, bayan ɗan gajeren lokaci da shigowarsa da ganguna. Finafinan Hausa da suka shiga Netflix 'yan ƙalilan ne. Ko MultiChoice mai DStv da GOtv, wanda muka saba da shi, ya koma hannun Canal+ na Faransa a 2025. Ɗan kasuwa riba yake bi, in ta yanke ya naɗe tabarmarsa, kuma ba laifinsa ba ne. Laifin na wanda ya manta cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Sa'an nan ita kanta igiyar ana iya tsinke ta a dare ɗaya. A Satumban 2021 an kashe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, mutane suka yi makonni babu kira balle kallo, alhali rediyo da kwando suna aikinsu. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta toshe Twitter har wata bakwai. Don haka masu kiran a bar tashoshin jihohi su mutu tun da kowa na da waya, ina roƙonsu su je su faɗi haka a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layi.

Yanzu sai in juyo kanmu, domin ba zan ɓoye ba, mu ma da namu. A 2019 wasu 'yan Arewa sun kafa Northflix domin a riƙa biya ana kallon finafinan Hausa ta intanet. Mu nawa muka sa hannu a aljihu? Saurayin da ba ya jin ciwon biyan kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo duk ƙarshen mako don ya ga Arsenal, shi ne zai je wurin mai tura finafinai a bakin tasha a loda masa aikin mutum ashirin a kan abin da bai kai kuɗin shayi ba, ya dawo yana kukan fim ɗin Hausa ya lalace. Da me zai gyaru? Mu da muke nesa da gida mun fi kowa bukatar shirye-shiryen nan, domin da su 'ya'yanmu da aka haifa a Mushin da Idi-Araba suke jin Hausar da ba ta gauraya ba. Ashe kuwa mu ya kamata mu fara biya.

Gwamnatocin jihohin Arewa su ma suna da aikin da ba ya bukatar dogon taro. Tashoshi irin su NTA Kaduna da ARTV ta Kano, wadda a da ake kira CTV, su ne suka ɗauki wasannin Samanja da na Ƙasimu Yero da waƙoƙin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya. Kaset ba ya jiran kasafin kuɗi, zafi da ƙura suna cinsa kullum. A kwashe abin da ya rage a mai da shi na kwamfuta, a ajiye asalinsa a rumbun da yake namu, sa'an nan a buɗe wa mai kallo ƙofa a kan farashin da ɗan acaɓa zai iya. Sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da shugabannin kasuwanninmu suna ganin gwamnoni duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. In sun je neman rijiya da motar asibiti, su ƙara wannan a cikin takardar.