Yaƙin Laka a Duniyar Wata: Wasa ko Darasi?

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Babura ko Kazaure ko Roni ko Gwiwa ba zai rasa tuna yadda yara kan yi dafifi a bakin kududdufi idan damina ta zauna ba. Sukan ɗebo yumɓu su gina dawaki da mahayansu, su soka musu tsinke a madadin mashi, su shanya su a rana, sannan su jera su runduna biyu suna fuskantar juna, a yi ta jifa da 'yan curin laka har sai rundunar wani ta ƙare. Idan kaka ta yi, aka girbe gero da dawa, sai hankali ya koma kan kara, a fere shi a ƙera mota da jirgin sama. Daga baya gwangwanin madara da tsohon silifa suka shigo cikin sana'ar. Manya dai ba su ɗauki abin a bakin komai ba, iyakarsa a ce wasan yara ne, wani lokaci ma a haɗa da faɗa saboda an ɓata tufafi. Ra'ayin da nake son gabatarwa a wannan maƙala shi ne, wannan wasa da muka raina zai iya zama ɗaya daga cikin ingantattun hanyoyin koyar da kimiyya da harshen Hausa, idan aka yi masa ƙa'idoji, aka kuma ɗauke fagen fama daga bakin kududdufi aka kai shi duniyar wata.

Kafin mai karatu ya yi dariya, ya kamata ya san cewa wasu al'ummu sun daɗe da mayar da irin wannan wasa ilimi. A ƙasar Furushiya, wadda wani ɓangarenta yake cikin Jamus a yanzu, wani mutum mai suna Reisswitz ya gabatar wa sarkinsu wasan yaƙi na kan teburi a shekarar 1812. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar masu harba igwa, ya gyara wasan a 1824, ya ɗora shi a kan taswira ta gaskiya, ya sa 'yan ƙananan tubala masu launin ja da shuɗi su wakilci rundunoni, ya kuma naɗa alƙali mai yanke hukunci tsakanin 'yan wasa. Hukumar sojan ƙasar ta karɓi wasan ta sa hafsoshi su riƙa koyonsa, kuma bayan da Furushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayonsa. A Ingila kuwa, marubucin nan H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars a 1913, inda ya tsara ƙa'idojin wasa da sojojin darma da 'yar igwar wasa mai harba tsinken katako. Shi ne kuma tun 1901 ya rubuta ƙagaggen labari game da mutanen da suka fara zuwa wata. Daga waɗannan tushe biyu wasan yaƙi da ƙananan siffofi ya bunƙasa, har ya kai ga masu sha'awarsa suna shata fagen famarsu a kan wata.

To me ya sa sai wata? Ai muna da namu tarihin. Babura gari ne na kan iyaka, wanda a ƙarni na 19 ya zauna tsakanin Kano da Damagaram, ita kuma Damagaram a zamanin Sarki Tanimu har igwa ake ƙerawa a Zinder. Masarautar Kazaure ma ta kafu ne a cikin gwagwarmayar Ɗantunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819. Babu shakka akwai darasin tarihi a nan. Sai dai kuma waɗannan yaƙe-yaƙe suna da jikoki a raye, kuma malamin da ya raba ajinsa gida biyu ya ce waɗannan Kanawa ne, waɗancan Damagarawa, zai iya tono abin da ba zai iya binnewa ba. A wata kuwa ba a taɓa zubar da jinin kowa ba, babu kakan kowa da aka kama bawa a can. Ƙari a kan haka, kuma wannan shi ne babban dalilina, a duniyar wata duk abin da yaro ya saba da shi ya canza, don haka dole ya tsaya ya tambayi dalilin kowane abu.

Amma fa akwai sharaɗi, wato kada a yarda wani makami ko abin hawa ya shiga wasan sai mai shi ya kawo hujjar cewa zai yi aiki a can. Idan aka saki wannan sharaɗi aka bar yara su zo da bindigar haske da takobin wuta irin na finafinai, to an koma tatsuniya, kuma Gizo ya fi mu iya ta. Amfanin wasan duka yana cikin gardamar da za a yi kafin a fara shi.

Alal misali, ɗalibi ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da kara ya kawo. Sai abokin karawarsa ya ce bai yarda ba, domin wata ba shi da iska, farfela kuwa iska take turawa. Jirgi ya faɗi ke nan tun bai tashi ba. Wani ya kawo tankar yaƙi mai shan gas, a tambaye shi da wace iska injin zai ƙona man. Wani kuma ya ce to ashe bindiga ma ba za ta tashi ba, a nan ne malami zai nuna masa ya yi kuskure, domin albarushi yana ɗauke da sinadarin da ke ba shi iskar ƙonewa a jikinsa. Hasali ma Tarayyar Sobiyat ta gwada harba wata igwa daga tasharta ta sararin samaniya mai suna Salyut 3 a 1975. Matsalar bindiga a wata ita ce zafi, saboda babu iskar da za ta sanyaya bakinta, mai jigida ma sai ta fi saurin lalacewa. Harsashi kuwa, da yake ƙarfin jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan ƙasa, kuma babu iskar da za ta rage masa gudu, idan aka ɗaga bakin bindiga sama zai iya cin ɗaruruwan kilomita kafin ya sauka. Dutsen da yaro ke jefawa mita 30 a filin makaranta zai kai wajen mita 180 a can. Amma ina amfanin nisan zango ga wanda ba ya ganin abin da yake hari? Wata ya fi duniyarmu ƙanƙanta sosai, saboda haka mutumin da ke tsaye a fili ba ya hango abin da ya wuce kilomita biyu da rabi, daga nan ƙasa ta lanƙwashe.

Wannan lanƙwasa ita ce kuma ke yanke sadarwa. Iyayenmu a Babura sun shekara da shekaru suna kama tashoshin Landan da Jamus a gajeren zango, saboda akwai wani rufi a saman iskar duniya da ke maido da saƙon rediyo ƙasa. Wata ba shi da wannan rufi, don haka mayaƙin da ya ɓuya a bayan tudu ya rabu da shugabansa, sai an kafa dogon ƙarfe a kan tudun ko an sami tauraron ɗan'adam a sama. Ihu ba ya aiki, kakaki da tambari ma haka, tunda sauti ba ya tafiya inda babu iska. Allurar nuna arewa ba ta nuna komai. Hayaƙi ko ƙurar da za a tayar don a ɓoye wa abokin gaba ba za su tsaya ba, nan take ƙurar ke zubewa ƙasa. Ɗalibin da ya sha kaye a wasa saboda ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba zai manta da shi ranar jarrabawa ba.

Game da abin hawa, ba sai an yi ƙage ba, domin akwai na gaskiya da za a kwaikwaya. A 1970 Tarayyar Sobiyat ta saukar da Lunokhod 1, mota mai taya takwas wadda ake tuƙa ta daga duniya, ta yi tafiyar kilomita goma da 'yan kai a cikin wata goma. Amurka kuma ta kai motar da 'yan sama jannati suka hau a tafiye-tafiyen Apollo 15 da 16 da 17, a 1971 da 1972. Batir take amfani da shi, tayoyinta na saƙaƙƙiyar waya ne, gudunta kuwa wajen kilomita 13 a sa'a, wato mai keke a hanyar kasuwa zai wuce ta. An kuma hana matuƙanta yin nisan da ba za su iya dawowa da ƙafa ba idan ta lalace, domin iskar shaƙa da ke goye a bayansu ba ta wuce ta sa'o'i takwas ba. Yini guda a wata ya kai kwana 14 na duniya, dare ma haka. Da rana zafi kan kai digiri 120, da dare sanyi ya sauka ƙasa da sifili da fiye da digiri 130, faifan hasken rana kuma ya daina aiki. Saboda haka duk wanda ya buga wasan da gaskiya zai tarar rabin tunaninsa ya tafi kan batir da iska da ruwa, harbi kuwa ɗan kaɗan ne.

Kayan wasan ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. A share fili mai faɗin mita biyu da tsawon mita biyu a zuba rairayi, wanda Allah ya hore wa ƙasar Babura shi, a dangwala gindin ƙwarya da na ludayi don su fitar da ramuka irin na wata, a ajiye duwatsu su zama tuddai. Idan aka ce santimita ɗaya tana wakiltar mita 50, filin ya zama kilomita goma ke nan. Igiya mai tsawon kamu ɗaya ita ce iyakar hange, mota kuma tana tafiya taƙi ɗaya a kowane zagaye na minti biyar. Ga lissafin ma'auni ya shigo ba tare da an ambaci sunansa ba. Ga malamin Hausa kuwa, a nan aikinsa yake, domin ƙa'idojin da Hausa za a rubuta su, kuma dole a samo wa kowane abu suna. Hausa ta riga ta haifi kumbo da ɗan sama jannati da tauraron ɗan'adam, tana kuma da tsofaffin kalmomi irin su sulke da lifidi da kwalkwali da zango da ribaɗi, waɗanda ke jiran a ba su sabon aiki. Na taɓa zama a bayan wani aji lokacin duba ɗalibai masu gwajin koyarwa, na ji yara suna rera ma'anar ƙarfin jan ƙasa da Turanci kamar waƙa. Da na tambaye su da Hausa me zai faru da dutsen da aka jefa a wata, babu wanda ya ɗaga hannu. Ban ga laifin yaran ba, ba a taɓa ba su damar yin tunanin da harshensu ba.

Na san akwai masu suka, kuma sukar tasu tana da nauyi. Za a ce a yankin da ke maƙwabtaka da jihohin da 'yan bindiga suka addaba, koya wa yara dabarun yaƙi ganganci ne. Amsata ita ce, yaran suna wasan yaƙi ko mun so ko mun ƙi, a dandali da kuma a wayar hannu, inda ake kisa ba lissafi ba hisabi. Wasan da nake magana a kansa yana nuna wa mai yinsa cewa huda guda a jikin riga ta isa ta kashe mutum, kuma rundunar da ta yi nasara ma takan rasa iskar komawa gida. Shi kansa Wells fatansa shi ne wanda ya buga ƙaramin yaƙi ya gane wautar babban, kodayake shekara guda bayan fitar littafinsa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, wanda ke nuna cewa wasa kaɗai ba ya hana fitina. Wajibi ne kuma malami ya sanar da ɗalibai cewa yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta haramta kafa sansanin soja da gwajin makamai da atisaye a kan wata, bayan da rundunar sojan Amurka ta taɓa nazarin kafa sansani a can a 1959. Ana ma iya ba alƙali ikon ƙwace nasara daga wanda ya fara harbi, ta yadda tseren zai koma kan wa zai riga isa ramin da ke da ƙanƙara.

Suka ta biyu ta shafi addini, wato batun mutum-mutumi da kuma ɗan ludo da ake jefawa don yanke hukunci. Dukkansu suna da mafita. Motoci da tubala ba masu rai ba ne, kuma da tubala Reisswitz ya yi nasa. Ɗan ludo kuwa ana iya ajiye shi, kamar yadda wasu hafsoshin Jamus suka yi tun 1876, suka bar wa alƙali hukunci bisa saninsa. Dara ma da dattawanmu ke yi a gindin bishiya ba ta buƙatar sa'a, sai basira.

Maganar wata ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Mutum 12 ne suka taka shi tsakanin 1969 da 1972, sannan aka yi dogon shiru, amma yanzu an sake waiwayarsa. Sin ta saukar da kumbo a bayansa a 2019, Indiya ta sauka kusa da ƙuryarsa ta kudu a watan Agusta na 2023, inda ake sa ran ƙanƙarar ruwa a cikin ramukan da rana ba ta taɓa leƙawa. Nijeriya, wadda aka harba mata tauraronta na farko a 2003, ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata a Disamba 2022. A Babura kanta an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ɗaliban da za su cika waɗannan makarantu suna firamare da ƙaramar sakandare a yau, kuma ɗaliban kwalejojin ilimi ne za su koyar da su. Ina ba mai shirin fita gwajin koyarwa shawara ya ware darasi biyu kacal: a na farko yara su ƙera motocinsu su kare su a gaban aji, a na biyu a share fili a buga, shi kuma ya riƙe igiyar awo ya yi alƙalanci.