Raddi Ga Masu Cewa Duk Sata Ce

Akwai maganar da ke yawo a bakin wasu masu koyar da Turanci, wai kalmomin raba mutum da abinsa, irin su *steal* da *rob* da *confiscate* da *loot*, duk kanwar ja ce, mai fassara ya sa "sata" kawai ya wuce. Wannan kuskure ne, kuma ɗalibai ne ke kwana a ciki.

Hujjarsu ta farko ita ce wai ma'anar ɗaya ce. Nahawu kansa ya ƙaryata su. *Steal* kan abin da aka ɗauke take faɗawa, *rob* kuwa kan mutumin ko wurin da aka yi wa ta'asar. Shi ya sa ɗalibin da ya sa banki bayan *steal* ya ce ke nan an sungume ginin ɗungurungum.

Suka ce to ai bambancin na ado ne. Ado a gaban alƙali? Dokar sata ta Ingila ta 1968 ta ware *theft* a sashe na 1, ta ajiye *robbery* a sashe na 8, inda sai an yi amfani da ƙarfi ko barazana. Ta farko iyakarta yanzu shekara bakwai a gidan yari, ta biyu tana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Malaman fiƙihu ma ba su taɓa haɗa hukuncin ɓarawo da na ɗan fashi ba.

*Confiscate* kuwa ba ta ɓarawo ba ce sam. Tushenta *fiscus* na Latin, wato baitulmali: hukuma ce ta ƙwace, kamar yadda kwastan ke kama shinkafar fasa-ƙwauri.

Mafi rauni ita ce da'awar wai Hausa ba ta da madadinsu. Wanda aka fizge wa waya a bakin titi ya san ƙwace aka yi masa, wanda aka zare wa kuɗi a cunkoson kasuwa ya ce sane ne. Ga fashi, ga wawaso, ga sama da faɗi da dukiyar jama'a. Turancin ma aro ya yi: *loot* daga Hindi ta shigo zamanin Turawa a Indiya, kuma da ita ake kwatanta kwasar ganimar da sojojin Birtaniya suka yi wa fadar Benin a 1897. Mai fassarar da ya kira wannan "sata" ya shafe bindigogin daga labarin.