Baƙaƙenmu Masu Ƙugiya a Gidan Haya na Intanet

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, akwai wani yoyo da ke damun rubutun Hausa a intanet, kuma ina ganin mu ɗaliban harshe ne ya kamata mu fara sanin inda yake, tunda mu ne masu ɗakin.

Yawancin ƙungiyoyin marubuta da na ɗalibai da ke buɗe shafi ba su da ƙarfin mallakar babbar kwamfutar da ke ajiye shafuka. Saboda haka sai su kama haya a wajen wani kamfani, a haɗa shafinsu da ɗaruruwan wasu a kan kwamfuta guda. Tamkar gidan haya ne irin na Suleja: kowa da ɗakinsa, amma rijiya ɗaya, mitar wuta ɗaya. Idan shafinka ya ja fiye da rabonsa, sai a dakatar da shi, masu ziyara su tarar da lamba 508. Idan maƙwabci ya riƙa aika wasiƙun banza, sai a sa adireshin gidan duka a baƙin littafi, taka wasiƙar ma ta maƙale a hanya. Waɗannan suna samun kowa. Tamu ta musamman ita ce ta ɓ da ɗ da ƙ.

A garinmu Izom, kusa da Suleja a Jihar Neja, wasu matasa sun tattara karin magana da tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi, suka zuba a shafin haya. Da kamfanin ya mayar da su kan wata kwamfutar, sai aka wayi gari duk inda aka rubuta “ƙasa” ya koma “Æ™asa”. Shawarar da wanda ya gina musu shafin ya bayar ita ce su daina sa ƙugiya, kowa ya huta. Wannan shawara ce nake ƙalubalanta, domin na ji ta a bakin mutane da dama.

Ƙugiyar nan ita ce ke raba kura da ƙura, baki da baƙi, bari da ɓari. Tun shekarun 1930 aka shigar da ita cikin rubutun boko, kuma da ita jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta raini masu karatu. A intanet ma tana da gurbinta, domin tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba kowane ɗaya daga cikin baƙaƙen nan lambarsa, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Ke nan laifin yana wajen saiti, kuma saiti abu ne mai gyaruwa.

Ga yadda abin yake faruwa. A tsarin UTF-8, wanda aka ƙirƙiro a 1992, harafi irin k yana cin gurbi ɗaya, ƙ kuwa yana cin biyu. Akwai kuma tsohon tsarin da aka yi domin harsunan Yammacin Turai, mai suna latin1, wanda ke ɗaukar kowane gurbi a matsayin harafi guda. Rumbun bayanai na MySQL, wanda yawancin gidajen haya ke bayarwa, a kan latin1 yake zuwa, sai a fitowa ta 8.0 a 2018 aka sauya. Don haka tsofaffin shafuka da yawa a kan tsohon tsarin aka gina su.

Mai shafi zai iya gane ciwon daga alamarsa, kuma alamun uku ne. Ta farko, idan ka ga “Æ™” a gurbin ƙ, ko “É” da wata alama a gurbin ɗ ko ɓ, to rubutunka yana nan da ransa, karanta shi aka yi da tsarin da ba nasa ba. Sai a daidaita shafin da rumbun su koma kan UTF-8 gaba ɗaya. Mai amfani da WordPress zai ga saitin a fayil ɗin wp-config.php, na rumbun kuma a phpMyAdmin. Ta biyu, idan ka ga ɗan akwati fanko, to wayar ko kwamfutar mai karatu ce ba ta da zanen harafin, sauya salon rubutu kawai zai magance. Ta uku ita ce mai ciwo: idan alamar tambaya ce zaune a cikin rumbun kansa, to an zubar da harafin tun wajen ajiya. Babu mai dawo da shi sai tsohon kwafi, ko kuma wanda ya san Hausa ya zauna ya bi kalma bayan kalma.

Wani zai ce wannan ai aikin 'yan kwamfuta ne, mu namu nahawu da adabi. Amma ma'aikacin kamfanin da za ka aika wa ƙorafi yana iya kasancewa a Legas ko Indiya, bai taɓa ganin ɗ ba. Idan ka ce masa rubutu ya lalace, zai buɗe ya ga shafi na tashi, ya ce maka lafiya lau. Idan kuwa ka ce masa rumbuna yana kan latin1, ina so a mayar da shi utf8mb4, nan take zai gane. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan magana ɗan garin shi ne wanda ya san harshen, ya kuma san sunan ciwon.

Akwai abu biyu da nake roƙon duk mai riƙe da shafin Hausa. Na ɗaya, ka sauke kwafin rumbunka ka ajiye a wajenka kafin kowane gyara ko ƙaura, kada ka dogara da na mai gida. Lokacin da Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, ɗimbin shafuka sun tafi ke nan, sai waɗanda aka yi sa'ar kwafewa. Na biyu, a rubuta ranar ƙarewar haya da ta sunan shafin, a kuma tabbatar mutum fiye da ɗaya ne ke da kalmar sirri, domin ɗalibi yakan gama karatu ya tafi hidimar ƙasa da makullin a aljihunsa.

Ga malamanmu kuwa, ina ba da shawarar a ware ko da mako biyu ne a darasin ƙa'idojin rubutu, a koya mana waɗannan abubuwa a gaban kwamfuta. Masu nazarin Fulatanci ma za su amfana, tunda su ma da ɓ da ɗ suke rubutu.