Amanar Suna a Ilimin Ƙwayoyin Gado

Sanin kowa ne cewa malaman hadisi na dā ba sa karɓar ruwaya sai sun tabbatar da wanda ya ruwaito ta, har Alhaɗibu na Bagadaza ya wallafa littafi sukutum domin rarrabe maruwaitan da sunansu ya zo ɗaya alhali mutane ne daban-daban. Irin wannan tsantseni, a ganina, shi ne ya wajaba a yau a kan masu nazarin ƙwayoyin gadon ɗan Adam.

Dalili kuwa, tun da aka kammala babban aikin karanta kundin gadon ɗan Adam a 2003, ba a daina yi masa gyara da sharhi ba. Bugun GRCh37 ya fito a 2009, GRCh38 ya biyo baya a 2013, kuma duk sa'ad da aka sabunta, mazaunin ƙwayoyi kan gusa, a haɗe biyun da aka zaci daban suke, ko a soke wadda ta tabbata ba ta da asali. Sunaye ma ba su tsira ba, domin a 2020 kwamitin HGNC, mai alhakin raɗa su, ya sanar da mai da sunan ƙwayar MARCH1 zuwa MARCHF1, saboda manhajar Excel tana ɗaukar sunan a matsayin kwanan wata, ɓarnar da wani bincike na 2016 ya tarar a kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da ya duba.

Kada mai karatu ya ɗauka lamarin na nesa ne, gama sauyin da ke haddasa ciwon sikila a ƙwayar HBB, wanda tsofaffin littattafai suka ce yana gurbi na 6, sabuwar ƙa'idar ƙirga ta mai da shi na 7, kuma lambarsa rs334, wadda ba ta sauya ba, ita ke shaida cewa abu ɗaya ake nufi.

Gyara ba aibi ba ne, da shi ilimi yake ci gaba. Aibin shi ne a gyara a ɓatar da sawun abin da aka gyara. Saboda haka ya wajaba jami'o'inmu da ɗakunan gwaje-gwajen asibitocinmu su lizimci rubuta tabbatacciyar lambar kowace ƙwaya, irin wadda ma'ajiyar Ensembl take bayarwa, tare da bugun kundin da aka dogara da shi, domin likitan da zai karanta sakamakon bayan shekaru ya yanke hukunci a kan yaƙini, tun da lafiyar bayin Allah ce a hannunsa.