Taron masu haɗa gem ne ko bikin manyan baƙi?

1/ Jama'a, na ga fostar taron masu haɗa gem ɗin intanet. Hotuna takwas: Alhaji, Onarabul, babban baƙo na musamman. Ko ɗaya bai taɓa buɗe Unity ko Godot ba. Haba!

2/ Tikiti kuwa ya fi kuɗin abincina na wata. Ni da na kwashe semesta biyu a hostel ina haɗa gem ɗin langa, a waje zan tsaya kenan?

3/ Ku dubi Global Game Jam: awa 48, ɗaki, wuta, intanet, kowace tawaga ta fito da gem.

4/ Masu shiryawa, ku rage jawabai. Ku ba mu tebur da soket mu nuna aikinmu. In ba haka ba, ku canza wa taron suna.